Ya haddace kalmomin Turanci, amma bai san me suke nufi ba

Wasiƙar wannan makon ta fito ne daga wata baiwar Allah a unguwar Mabera, cikin garin Sakkwato. Ga abin da ta ce a taƙaice:

"Malama, ina da ɗa mai shekara takwas, shina aji ukku na firamare. Kullum sai shi dawo gida da kalmomin Turanci goma an ce shi hardace. Shina iya jero harufan kowace da ka, amma in na tambaye shi ma'anar wagga ko waccan, sai shi yi shiru shina kallona. Ni bokona ya tsaya aji ukku na sakandare aka yi min aure, Turancin kaɗan ya rage gare ni. Babansu ya ce laifina ne tunda Hausa nike yi ma yaran, ya ce daga yanzu a bar Hausa cikin gida. In yaron ya kasa amsa tambaya sai shi kai mai mari. Yanzu da an ɗauko jakkar makaranta sai hawaye. Ji nike kamar ni na cuce shi. Don Allah ki ba ni shawara."

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya raya yaron, ya sa albarka a karatunsa.

Kafin komai, ki sauke wannan kayan da kika ɗora wa kanki. Ba ki cuce shi ba. Yaron da zai riƙe harufan kalma goma da ka, a harshen da ba ya ji, kansa yana ja. Damuwarsa guda ce: ana ba shi suna, ba a nuna masa mai sunan. Kamar a ce kin haddace sunayen dangin mijinki su talatin alhali ba ki taɓa ganin fuskar ko ɗaya ba. Ranar biki in suka cika tsakar gida, haddar nan ba za ta gaya miki wace ce gwaggo wace ce inna ba.

Na koyar da 'yan firamare shekaru masu yawa, kuma ni ma na taɓa yin wannan kuskuren da hannuna. Na rubuta wa 'yan aji biyu jimla a allo, "A goat is a domestic animal", suka yi ta rera ta har ajin yana amsawa. Da aka fita tara sai ga wata jar akuya ta shigo harabar makaranta tana cin takarda. Na kira yarinyar da ta fi kowa ɗaga murya, na ce ta nuna mini "goat". Sai ta juya ta nuna allon da ke cikin aji. A gidansu akwai awaki, ita ke ba su dusa kowace safiya. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai, domin na gane sati guda na yi ina koya wa yara waƙa, ina zaton Turanci nake koya musu. Tun daga ranar ban ƙara rubuta kalma a allo ba sai na fara kawo abin, ko na zana shi, ko na faɗi sunansa da Hausa.

To, batun umarnin maigidanki. Na san inda ya fito. Yana ganin da Turanci ake rubuta jarrabawa, kuma wanda bai ci Turanci a WAEC ko NECO ba, ƙofar jami'a a rufe take gare shi. Tsoronsa kada ɗansa ya zama ɗan kallo, kuma tsoro ne na gaskiya. Sai dai maganin da ya kawo ƙara ciwon zai yi. In kika bar Hausa, da me za ki yi wa yaron hira? Da "come" da "go" da "sit down". Tatsuniya ta tafi ke nan, karin magana ya tafi, bayanin yadda ake gane hadarin da zai zubar da ruwa ya tafi, lallashin da kike yi masa in zazzaɓi ya kama shi ma ya tafi. A cikin irin wannan hirar ce yaro yake tara ma'anoni, kuma a jikin ma'anonin nan ne kalmar Turanci za ta zo ta maƙale. Yaron da ya san rijiya da guga da igiya da Hausa, sunansu na Turanci kawai ya rage masa. Wanda bai san su ba, aiki biyu ke gabansa.

Mu a Sakkwato bai ma kamata wannan ya zama abin gardama ba. Ki leƙa kowane zaure da ake karatun ilimi bayan asuba ko bayan la'asar. Almajiri ya karanta kalmar Larabci, malam ya ba shi Hausarta, ya karanta ta gaba, malam ya ba shi Hausarta, har a kai ƙarshen fasali. Da haka garin nan ya fitar da malaman da suka wallafa littattafai cikin tsantsar Larabci, ba wanda ya ce musu sai sun bar Hausa ko Fillanci a gida. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa, kuma da ta tashi kai ilimi ga matan ƙauyuka ta hannun jaji-jajin 'yan taru, wato matan da ta koyar ta tura su koyar da 'yan uwansu mata, da harshen da matan suke ji ta kai musu shi.

A ɓangaren boko ma an gwada. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa a Jami'ar Ife suka fara wani gwaji: wasu yara aka koyar da su darussan firamare na shekara shida da Yarabanci, Turanci kuwa darasi ne mai zaman kansa, wasu kuma aka bi da su yadda aka saba, ana juyawa zuwa Turanci a tsakiyar tafiya. Da aka auna, 'yan Yarabancin ba su gaza a Turanci ba, kuma sun fi gane sauran darussan. Manufar ilimi ta ƙasa da aka fitar a 1977 ma cewa ta yi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na yankinsa a shekarun farko. Gwamnati takan sauya manufa, amma yadda kan yaro yake kama ma'ana yana nan yadda yake.

Kada ki tare maigidan da wannan bayanin a gaban yara. Ki bari sai bayan isha, ya ci abinci ya natsu, ki ce: "Baban yara, ka ba ni wata guda in gwada wata hanya. In ba ka ga canji ba, sai mu sake shawara." Ki kuma ba shi nasa aikin, domin namiji ya fi goyon bayan abin da yake da hannu a ciki. Shi ke fita da yaron. In sun je Kasuwar Daji cefane, ya nuna albasa ya ce "onion", ya nuna nama ya ce "meat". In sun bi ta Kara, ga raƙumi "camel", ga jaki "donkey", ga sa "bull". In sun haye gadar gulbin Rima, ga "river", ga "bridge". Turancin da yake so a yi a gida sai ya yi shi a kan babur, inda kowace kalma take da abin nunawa.

Marin kuwa dole ya tsaya, wannan ba ni da sassauci a kansa. Yaron da ke jiran mari hannu yake kallo, kalmar ta riga ta fice masa. Hawayen da kike gani in an ɗauko jaka shi ne shaida: a zuciyarsa Turanci da zafi sun zama abu ɗaya. Ga kuma haɗari ga jiki, mari a kunne yana iya fasa dodon kunne, kuma yaron da jinsa ya ragu ba zai bambance sautukan wani harshe ba. In kin ga ba zai ji daga bakinki ba, ki bi ta wajen mahaifiyarsa ko yayansa ko malaminsa, wanda yake jin nauyinsa.

Yanzu ga aikin naki.

Ki fara da dukiyar da ke aljihunsa bai sani ba. Hausa ta ari kalmomi da dama daga Turanci ta gyara su daidai bakinta: tebur, bokiti, benci, fensir, burodi, tawul, tela, direba, kafinta, tocila, taya, birki. Ki ce masa, "Ka san bokiti Turanci ne? Su 'bucket' suke cewa, mu muka sa masa riga." Ku zauna ku yi farautar irinsu a cikin gida. Yaron da aka yi ta nuna masa bai iya ba, in ya gano ashe ya san kalmomin Turanci ashirin tun kafin ya shiga aji ɗaya, za ki ga fuskarsa ta sake. Ki dai lura da masu ruɗi a cikinsu. Mota daga "motor" ta fito, amma Bature "car" yake cewa. Famfon da muke tara ruwa "tap" ne, "pump" kuwa na tura ruwa ko iska ne. Kofi "cup" ne, "coffee" kuma gahawa.

Kalmomi goman da yake kawowa, kada ki tunkare su gaba ɗaya. Ki tsamo waɗanda ake iya taɓawa, ki sa hannunsa a kansu: tabarma "mat", tsintsiya "broom", cokali "spoon", ƙofa "door". Sannan ki mayar da su aike. "Bring the broom." In ya kawo tsintsiya, ya gane, ko bai ce uffan ba. Na aiki kuma a yi su da jiki: "jump" ya yi tsalle, "sweep" ya yi shara, "wash" ya wanke hannu. Bayan kwana biyu ki bar shi ya zama malam, ya riƙa ba ƙannensa umarni. Harufan da makaranta take nema su zo daga ƙarshe, bayan ya san abin da yake rubutawa. Wanda babu shi a garinmu, irin "snow", ki nuna masa hoto a waya ki yi bayani: wani ruwan sama ne da sanyi ya daskarar, yana saukowa fari kamar auduga a ƙasashe irin Ingila. Kada ki ce ƙanƙara ki yi shiru, domin ƙanƙarar da muke sa wa zoɓo da azumi "ice" ce.

Inda nake so ki fi ba da hankali shi ne wuraren da harsunan biyu ba su yanka nama a gaɓa ɗaya ba, domin a nan ne yara masu ƙoƙari suke faɗuwa, a zaci sakarci ne. Mu hannu muke cewa daga kafaɗa har yatsu. Bature ya raba shi biyu: "arm" daga kafaɗa zuwa wuyan hannu, "hand" tafin da yatsu. Ƙafa ma haka, "leg" da "foot". Rana a wajenmu ita ce mai fitowa daga gabas, ita ce kuma yini. Shi yana da "sun" yana da "day". Wata na sama "moon" ne, wata na kalanda "month". Sai kalmar sha, wadda muke aika ta ko'ina. Muna shan ruwa, muna shan magani, muna shan mangwaro. A Turanci ruwa ne ake "drink", magani "take" ake yi, mangwaro kuwa "eat". Ci ma haka: abinci "eat", jarrabawa "pass", wasan ƙwallo "win". Ji ya fi su duka yawo, muna jin magana, muna jin sanyi, muna jin ƙamshi, shi kuwa "hear" da "feel" da "smell" ne. Yaron da ya rubuta "I hear cold" tunani ya yi, kuma tunani mai kyau, Hausarsa ce ya ɗauka ya sa mata tufar Turanci. Ki yaba masa tukuna, sannan ki nuna masa inda hanyoyin suka rabu. Haka "borrow me your pencil" da yara suke faɗa: mai karɓar aro shi ke "borrow", mai bayarwa "lend" yake yi.

Akwai kuma inda mu muka fi su rarrabewa, kuma ina so yaron ya san wannan don kada ya tashi yana ganin harshensa ne ƙarami. Kawu da baffa duk "uncle" ne a wajensu. Gwaggo da inna duk "aunt". Wa da ƙane duk "brother", sai an ƙara wata kalma kafin a san babba. Kai da ke da ku duk "you". Yara suna jin daɗin wannan ba kaɗan ba.

Sai kalmar Turanci guda mai fuska biyu ko uku. "Well" rijiya ce, kuma ita ce lafiya a cikin "I am well". "Date" dabino ne, kuma kwanan watan da malam ke rubutawa a saman allo. "Right" dama ce, kuma daidai. "Left" hagu ce, kuma ya tafi. "Light" haske ne, kuma mara nauyi. "Watch" agogon hannu ne, kuma kallo. In abin ya ruɗe shi, ki tuna masa Hausa ma tana yi: wuyan da ake sa wa sarƙa da wuyar aiki, gari na mutane da garin tuwo. Ta yaya yake gane wanda ake nufi? Daga sauran maganar. To haka Turanci. Shi ya sa kada ki ba shi kalma tsirara. Ki sa ta cikin 'yar gajeriyar jimla wadda ta shafe shi: "The well is deep." "I eat a date." Jimlar ce za ta riƙe masa ma'anar.

Ƙananan kalmomin nan da ba su da jiki, irin "the" da "in" da "on", su ne suka fi yawa a kowane shafi, "the" ma ita ce kalmar da ta fi kowace yawan fitowa a Turanci. Ki gwada masa da yaro da yaron, yarinya da yarinyar: "a boy" wani yaro ne, "the boy" yaron da muka sani. Sauran kuma kwano da dutse sun isa. Dutse a cikin kwano "in", a kan kwano "on", a ƙarƙashinsa "under". Ya yi da hannunsa sau biyar, an gama.

Lafazi kada ya dame ki da yawa yanzu, sai wuri ɗaya da ke canja ma'ana. Bakinmu ba ya raba "p" da "f", don haka "pan" da "fan", "pull" da "full" sukan zama ɗaya. A "p" leɓɓa biyu ne ke haɗuwa su buɗe da ƙarfi. A "f" haƙoran sama ne ke taɓa leɓen ƙasa iska ta fita a hankali. Ku tsaya gaban madubi ku gwada tare, zai ɗauke shi wasa.

Game da lokaci, minti goma sun isa, kalma uku a rana, tsakanin magariba da isha ko duk sa'ar da gidan ya lafa. Abin da ya fi yawan kalmomin muhimmanci shi ne komawa kansu. Wani masani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna a 1885 cewa mafi yawan mantuwa tana faruwa ne jim kaɗan bayan koyo, kuma maimaitawa da tazara tana rage ta. Malaman allo sun daɗe da sanin haka, shi ya sa ba a wanke allo sai an biya, kuma ba a barin tilawa. Kalmomin yau ki taɓa su gobe, ki sake bayan kwana uku, ki sake bayan sati. Ranar Alhamis da babu makarantar allo sai ta zama ranar tilawar Turanci.

Kin ce Turancinki kaɗan ne. Wanda ya kai aji uku na sakandare ya fi ɗan aji uku na firamare nesa ba kusa ba, kuma za ki ga yana dawo miki in kin fara. Ki nemi ƙamus a shagunan littattafai. Akwai na Turanci da Hausa na Neil Skinner wanda aka fara bugawa a 1965, akwai wasu bayansa. In kin buɗe, kada ki tsaya a ma'anar farko, ki karanta duka ki zaɓi wadda ta dace da jimlar littafinsa. Fassarar waya ma tana taimakawa, amma ki ba ta jimla sukutum, domin in kalma ɗaya kika ba ta sai ta zaɓo miki fuskar da ba ita ake nufi ba. In kun ci karo da wadda ba ki sani ba, ki ce masa, "Ban san wannan ba, zo mu duba." Ganin uwarsa tana buɗe ƙamus ba tare da kunya ba darasi ne da zai bi shi har girma.

Ki kuma je wajen malaminsa, ko ki aika babansa, cikin mutunci. Mai yiwuwa yara sun yi masa yawa a aji, kuma shi ma haka aka koyar da shi. Kada ki je da ƙorafi. Ki roƙe shi in ya ba da kalmomi ya riƙa faɗin Hausarsu, ko ya bar yaran su rubuta ta a gefe da fensir. Malamai da yawa za su yarda in an zo musu ta ƙofar girmamawa.

In kun yi zango guda a haka, marin ya tsaya, amma kin ga har yanzu ko abin da aka nuna masa da hannu ba ya riƙewa, ko yana yawan cewa "na'am?" in an yi magana, ko yana kai littafi dab da idonsa, ki kai shi asibiti a duba kunnensa da idonsa. Daga abin da kika rubuta dai ban zaci haka ba.

Yau da magariba kada ki taɓa jakar makarantar. Ki bar ta inda take. Ki ɗauko bokiti da cokali da tsintsiya ki ajiye a tsakar gida, ki kira shi ki ce kina da wani wasa. In wata ya cika, ki rubuto mini ki gaya mini kalmar da ya fara kawo miki da kansa.